Yadda Muka Kai Na'urar Cajin Sola Gwajin EMC, Daga Kwaikwayo a Kwamfuta Zuwa Ɗakin Gwaji

Mu uku ne muke haɗa na'urar cajin batir ta sola a Kano, irin wadda masu harkar ke kira MPPT, mai karɓar wuta daga fanel har volt 100 ta zuba wa batir mai volt 24. Wata ƙungiya da ke sa wa ƙananan asibitocin karkara wutar sola ta nuna sha'awar saye, amma cikin sharuɗɗanta akwai layi guda da ya tsayar da mu cak: sai mun kawo rahoton gwajin EMC daga ɗakin gwajin da aka tantance. Na rubuta wannan ne saboda injiniyoyi da ɗalibanmu da za su ci karo da irin wannan layi, domin rashin sanin abin da ke gaba da wani shi ya fi cinye mana lokaci.

Gwajin EMC abu biyu yake dubawa. Na farko, kada na'urarka ta watsa hayaniyar lantarkin da za ta dami sauran na'urori, ko ta cikin waya ko ta iska. Na biyu, ita ma ta iya jure hayaniyar da ke zuwa mata daga waje. Duk wanda ya saba sauraron BBC ko DW a gajeren zango ya san ƙugin da rediyo ke yi da zarar an jona caja mai araha ko ƙwan LED a kusa da ita. A gida wannan ɓacin rai ne kawai. A asibiti kuwa, inda na'urar duba bugun zuciya ke auna siginar da ba ta wuce 'yan milivolt ba, magana ce babba. Don haka ban ga laifin ƙungiyar ba ko kaɗan, kuma har yau ina ganin sharaɗin daidai ne.

Matakin farko bai da alaƙa da kwamfuta, wasiƙu ne. Da yake a Shenzhen ta ƙasar Sin ake buga mana alluna, wato allunan da'irar lantarki, can muka nemi ɗakunan gwaji. Kowanne ya turo mana fom mai tambayoyi: ina za a yi amfani da na'urar, gida ko masana'anta, wayoyi nawa ke fita daga jikinta, tsawon kowace nawa ne, akwai rediyo a ciki ko babu. Amsoshin nan su ke yanke ƙa'idar da za a gwada ka da ita. Mu muka tsaya a kan IEC 61000-6-3 don hayaniyar da na'ura ke fitarwa, da IEC 61000-6-1 don juriya, wato ƙa'idojin kayan da ake amfani da su a gidaje. Akwai kuma IEC 62920 ta 2017 da aka rubuta musamman don na'urorin juya wutar sola, saboda haka ka tambayi mai sayen wadda yake so, ya ba ka amsa a rubuce. Tambayar rediyo ta sa muka cire Bluetooth ɗin da muka yi niyyar sakawa, domin da shi na'urar za ta koma ƙarƙashin dokar Turai ta kayan rediyo, 2014/53/EU, gwaje-gwaje su ƙaru, kuɗi ma su ƙaru. Farashin da aka ba mu ya kama daga ɗaruruwan daloli zuwa sama da dubu biyu, kuma mafi arha a cikinsu alkawari ya yi mana na takardar shaidar CE, alamar cika ƙa'idojin Turai, cikin 'yan kwanaki, ko tambayar samfurin na'ura bai yi ba. A kiyayi irin wannan. A ƙarƙashin dokar EMC ta Tarayyar Turai, 2014/30/EU, mai ƙera kaya ne da kansa ke sa hannu ya ce kayansa ya cika ƙa'ida, rahoton gwaji kuma shi ne hujjarsa. Takarda mai tambari da babu awo a bayanta ba ta kare kowa. Mun zaɓi ɗakin da ke da shaidar ISO/IEC 17025, ƙa'idar ingancin ɗakunan gwaji, muka shiga shafin CNAS, hukumar da ke tantance su a Sin, muka tabbatar lambarsu na nan kuma ƙa'idojin da muke so suna cikin abin da aka amince su gwada.

Da muka samu tsarin gwajin a rubuce, sai muka san iyakokin da muke fuskanta. Ta cikin waya ana auna hayaniya daga kilohaz 150 zuwa megahaz 30. Ta iska kuma daga megahaz 30 zuwa 1000, eriya na nesa da na'urar da mita 3, kuma ba a yarda ta wuce 40 dBµV/m (ma'aunin ƙarfin sigina a desibel) ba har zuwa megahaz 230, daga nan sai 47. Da waɗannan lambobi a hannu na buɗe LTspice, manhajar kwaikwayon da'ira da kamfanin Analog Devices ke bayarwa kyauta. Na zana da'irarmu yadda take a takarda: MOSFET biyu, wato makunnan lantarki, suna kunnawa da kashewa sau dubu 100 a daƙiƙa, koyil, da kafasitoci. Sakamako ya fito tsaf, babu wata hayaniyar a zo a gani. Na ɗauki laftof na tafi wurin malamin da ya koyar da ni a jami'a, na ce, "Malam, ranka ya daɗe, ga shi kwamfuta ta ce lafiya lau." Ya duba na ɗan lokaci ya ce, "Kai, abin da ke takarda ka zana. Ina abin da zai kasance a kan allo?" Sannan ya ja takarda ya lissafa mini: kowace milimita ta layin jan ƙarfe tana da kusan nanohenri 1, kowace kafasita tana da ɗan koyil a ɓoye cikinta, kowane koyil yana da 'yar kafasita tsakanin naɗe-naɗensa, kuma duk ƙarfe biyu da suka kusanci juna kafasita ce ko ba ka saye ta ba. Hayaniyar gaba ɗaya a cikin waɗannan take zaune.

Na koma na sake ginin daga tushe. Na fara da saka kwaikwayon akwatin da ɗakin gwaji ke jonawa tsakanin na'ura da tushen wuta, wanda ake kira LISN, mai mikrohenri 50 da om 50, domin a kan wannan om 50 ɗin ake karanta hayaniyar. Sannan na cire kafasitocin manhaja marasa aibi na sa na gaskiya. Kamfanoni irin su Murata da Würth Elektronik da TDK suna ba da samfuran kwaikwayon kayansu na kwamfuta kyauta a shafukansu, har da zanen yadda kowanne ke canzawa da zangon sigina. A nan na ga kafasitar nanofarad 100 tana daina aikin kafasita a wajen megahaz 16, ta koma koyil. Na kuma ga ƙananan kafasitocin yumbu irin X7R suna rasa babban kaso na ƙarfinsu idan aka ɗora musu volt mai yawa, wato abin da aka rubuta a jikin leda ba shi za ka samu a volt 60 ba. Akwai saiti biyu da ke rikita mai farawa. Dole ka kashe matse bayanai da umarnin .options plotwinsize=0, kuma ka ƙayyade tazarar lissafi ta zama ƙanƙanuwa, in ba haka ba FFT, lissafin da ke rarraba hayaniya zango-zango, zai nuna maka tarkacen da manhajar ta ƙirƙiro da kanta. Da wannan samfuri na tsara filtar bakin shigar wuta. Zanen farko na filtar ya rage hayaniya a sama amma ya ta da tudu a inda koyil da kafasita suka yi amo tare, sai da na haɗa babbar kafasita da resista a gefe tudun ya kwanta. Wannan ɓangaren shi ne inda kwaikwayo ya fi biyan mu, don a cikin yini guda za ka gwada filta iri-iri ba ka sayi ko resista ɗaya ba, kamar tela ya fara yanka a takarda kafin ya sa almakashi a shadda.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne lissafin ƙarfen shan zafi. A irin da'irarmu, bayan MOSFET na ƙasa a haɗe yake da wurin da wuta ke tsalle daga sifili zuwa volt 60 cikin kusan nanosakan 15. Wannan bayan an matse shi a jikin alminiyam, tsakaninsu 'yar shimfiɗa mai kaurin milimita 0.2. Ka lissafa faɗi da kauri, za ka samu kusan fikofarad 30. Ƙaramin abu ne a ido, amma a kowane tsalle yana tura wuta kusan amfiya 0.12 zuwa cikin akwatin na'urar. Wannan wutar sai ta nemi hanyar komawa gida, kuma duk abin da bai samu gajeriyar hanya a ciki ba zai bi ta wayoyin fanel da batir, dukkansu a gefe guda, ya mai da su eriya. A wajen megahaz 50, mikro-amfiya 5 kacal a kan waya mai tsawon mita 1 ya isa ya kai ka iyakar 40 ɗin nan. Ka ajiye lambobin biyu kusa da juna za ka gane dalilin da ya sa na'urori masu kyawun aiki ke faɗuwa. Saurin tsallen ma yana da nasa lissafi: da nanosakan 15, hayaniyar ba ta fara zubewa sosai sai bayan megahaz 21, wato tana isa zangon gwajin iska da sauran ƙarfinta.

Daga nan sai zanen allo, wanda muka yi da manhajar KiCad. A wannan mataki ake buƙatar manhajar da ke lissafa filin lantarki da maganaɗisu bisa siffar jan ƙarfen kansa. Manyan su ne Ansys HFSS da SIwave da CST Studio Suite, kuma kuɗin lasisinsu ya fi ƙarfin ƙaramin kamfani irin namu nesa ba kusa ba. Wasunsu suna da bugun ɗalibai na kyauta, amma an taƙaita girman aikin da zai ɗauka kuma ba a yarda a yi kasuwanci da shi ba, don haka muka bar shi. Muka ɗauki FastHenry, wadda aka rubuta a jami'ar MIT, don fitar da koyil ɗin da ke ɓoye a layuka, da kuma openEMS, wadda ke bin hanyar da Kane Yee ya fito da ita a 1966, ta yanka sarari zuwa ƙananan akwatuna ta bi filin daga akwati zuwa akwati. Wahalarta ita ce mafi ƙanƙantar akwati shi ke yanke saurin dukkan lissafin. Idan ka zuba mata allo gaba ɗaya da kowane rami da kowace ƙafa, laftof zai kwana yana aiki, in wuta ta ɗauke kuma batir ya ƙare da tsakar dare ka tashi a tutar babu. Dabarar ita ce ka ware ɗan zagayen da wuta ke katsewa a cikinsa, wato daga kafasitar shiga zuwa MOSFET na sama, zuwa na ƙasa, ya dawo. Shi kaɗai muka lissafa. Muka gwada zane biyu. Allo mai hawa biyu da kafasitoci a nesa ya ba mu kusan nanohenri 30. Mai hawa huɗu, da shimfiɗar jan ƙarfe ba yankewa a ƙarƙashi da ƙananan kafasitoci dab da ƙafafun MOSFET, ya sauko wajen 15. Na mai da wannan 15 ɗin cikin LTspice, da fikofarad 300 na jikin MOSFET, sai ga kaɗawa a megahaz 75 bayan kowane tsalle. Bambancin kuɗin buga allo mai hawa huɗu bai kai kuɗin awa ɗaya a ɗakin gwaji ba, saboda haka babu wanda ya yi gardama.

Alluna sun iso bayan 'yan makonni, kuma kuɗin jigila ya fi kuɗin bugun. Muka haɗa, muka kunna, na ɗora osiloskof, na'urar da ke nuna siffar sigina. A nan a lura: doguwar igiyar nan mai ɗan baki da ke rataye a jikin sandar awo ita kanta koyil ce, za ta nuna maka kaɗawar da babu ita. Cire ta ka naɗa gajeriyar waya a kan sandar. Da na yi haka kaɗawar ta fito a ƙasa da megahaz 70, ƙasa da abin da kwamfuta ta faɗa. Wannan saɓanin ya yi mini amfani ƙwarai, don ya nuna akwai kafasitar da samfurin bai ƙirga cikakke ba. Na riƙa ƙara kafasita a wurin tsallen har megahaz ɗin kaɗawar ya ragu zuwa rabi. Abin da ka ƙara a lokacin ya ninka na ɓoye sau uku, daga nan kuma sai ka fitar da koyil ɗin da lissafi. Na gyara samfurin da waɗannan lambobi har zanen kwamfuta da na osiloskof suka hau kan juna, kuma daga ranar ne na fara yarda da shi. Da shi na zaɓi resista da kafasitar da za su kwantar da kaɗawar. Nanofarad 1 a volt 60 da kilohaz 100 tana ƙona wat 0.36, don haka resistar sai mai ɗan jiki.

Mun kuma yi gwajin share fage a shago. Muka sayi 'yar na'urar tinySA mai nuna ƙarfin sigina a kowane zango, wadda kuɗinta bai kai dala 200 ba, muka lanƙwasa wayar eriya ta zama ɗan zobe don shinshino inda hayaniya ke fita a kan allo, muka kuma naɗa waya a zoben ferait (wani abu mai ɗaukar maganaɗisu) mai buɗewa don auna wutar da ke bin wayoyi. A cikin Kano gidajen rediyon FM sun cika tsakanin megahaz 88 da 108, za su rufe maka komai a wannan yanki. Saboda haka ka fara ɗaukar awo na'urarka a kashe, ka sake ɗauka a kunne, ka dubi bambancin. Wannan kayan ba zai gaya maka ka ci ko ka faɗi ba, amma zai gaya maka ko gyaran da ka yi yanzu ya rage ko ya ƙara.

Sai aikawa. Ɗakin gwajin ya nemi na'ura biyu, littafin amfani, zanen da'ira, jerin kayan da ke ciki, hoton lakabin jikin na'ura, da bayanin yanayin da za a kunna ta, wato cikakken caji a mafi girman wuta. Ba mu aika batir ba don jigilarsa ta jirgi tana da nata sharuɗɗa, su suka tanadi batir da tushen wutar da zai tsaya a madadin fanel. Cikin kwalin na sa 'yar leda da zoben ferait iri-iri, kafasitoci da resistoci, kowanne da lakabi, kuma wannan leda ta cece mu daga baya. Sun nemi a biya kafin su ba da rana, tura dala ta banki kuma ta ɗauki nata lokacin. Da kuɗin ya isa sai muka faɗa cikin hutun makon farko na Oktoba, lokacin bikin ranar ƙasa a Sin, komai a rufe. Wanda zai yi wannan aiki ya duba wannan hutu da na sabuwar shekararsu kafin ya yi wa mai saye alkawarin rana. Jiran nan ya yi mini nauyi, mai saye na kira, ni kuma ba ni da abin faɗa sai a ƙara haƙuri.

Sin na gaban Najeriya da awa 7, don haka ƙarfe 9 na safiyarsu ƙarfe 2 na dare ne a wurinmu. Injiniyan ɗakin ya kira ni ta bidiyo ya zagaya da ni. Ɗaki ne na ƙarfe, bango da rufi an lulluɓe su da fale-falen ferait da tsinin soso masu shanye sigina, ƙasa kuma ƙarfe ne tsura. Na'urarmu na kan tebur mai tsayin santimita 80 da ke juyawa, eriya na hawa da sauka tsakanin mita 1 da 4, ana auna ta a tsaye da a kwance. Gwajin cikin waya muka fara, muka wuce lafiya. Siffar zanen ta yi kama da ta LTspice sosai, duk da tsayin ya saɓa da 'yan desibel nan da can. Na ji daɗi ƙwarai. Da aka koma gwajin iska, sai wani faffaɗan tudu ya taso tsakanin megahaz 40 da 50 ya haye layin iyaka da kusan desibel 5. Gabana ya faɗi, don na san me sake gwaji ke nufi a kuɗi da lokaci. Injiniyan ya ce idan muna so za mu iya sayen awa ɗaya ta bincike nan take. Na amince. Ya buɗe ledarmu ya maƙala ferait a wayar batir, tudun bai motsa sosai ba. Ya mai da shi wayar fanel, tudun ya sauka. Ya sa hannu ya canza yadda wayar ta kwanta, tudun ya gusa gefe. Wato allon yana haifar da hayaniyar, amma wayar fanel ce ke watsa ta. Kafin mu rabu na roƙe shi ya ɗauki hoton shimfiɗar wayoyin da ma'auni a gefe, ya turo mini tare da lambobin awon.

Da hotunan na koma kwamfuta. Wayar da ke a fili, daga na'ura zuwa gefen tebur ta sauko ƙasa, ta kai kusan mita 1.5, kuma wannan shi ne rubu'in tsawon zango a megahaz 50, inda waya ke zama eriya mai kyau. Na zana ta a 4nec2, manhajar kyauta da masu rediyon sha'awa ke tsara eriya da ita, na sa daɓen ƙarfe a ƙasa, domin sigina da ke dawowa daga daɓen kan iya ƙara har desibel 6. Na ciyar da ita da wutar da LTspice ya nuna tana bin wayar, sai ga tudun a kusan inda ɗakin gwaji ya gan shi. Tun da samfurin ya iya haifar da ciwon, sai na gwada masa magunguna. Ƙara resistar ƙofar MOSFET don rage saurin tsalle ya taimaka, amma zafi ya ƙaru, kuma na'urar da za ta zauna a ɗakin kwano a watan Afrilu ba ta da sararin ƙarin zafi. Ferait a waje ya yi aiki, amma na san mai haɗa sola a ƙauye zai iya mantawa da shi a kwali. Abin da ya fi shi ne haɗa gyara biyu a ciki. Muka canza siririyar shimfiɗar bayan MOSFET da farantin alumina mai kaurin milimita 1, wanda ke wuce zafi da kyau amma ya sauke kafasitar ɓoyen zuwa wajen fikofarad 12. Sannan muka sa ƙananan kafasitoci masu jure babban volt daga layukan wuta zuwa jikin akwati, dab da bakin shigar waya, don wutar ta samu gajeriyar hanyar komawa tun kafin ta fita. Kwamfuta ta nuna saukar fiye da desibel 10. Zoben ferait ɗinmu na shago ya nuna saukar da ta kusa haka a kan na'urar da ta rage a hannunmu.

Muka aika kayan gyaran da hotunan yadda za a saka su, muka biya kuɗin sake gwajin iska kaɗai. Wannan karon tudun ya tsaya ƙarƙashin layi da tazarar kusan desibel 6. Kada a raina wannan tazara, kuma kada a gamsu da desibel 1 ko 2, domin rahoton kansa yana da shafin da ke nuna awon na iya kaucewa da desibel da dama, kuma na'ura biyu daga bugu ɗaya ba sa fitowa daidai.

Gwajin juriya ya zo da nasa. A IEC 61000-4-2 ana harba wa na'ura tartsatsi da wata bindiga, kilovolt 4 idan ta taɓa ƙarfe, 8 ta iska. Da aka harba kusa da maɓallan gaba, na'urar ta mutu ta sake tashi, lissafin cajin ya ɓace. Ƙa'ida ta yarda aiki ya ɗan rikice lokacin harbin, amma ba ta yarda bayanan da aka adana su ɓace ba. Ana iya kwaikwayon bindigar da fikofarad 150 da om 330, na kuma yi, amma a gaskiya a nan kwamfuta ba ta taimaka sosai ba, don tartsatsi na bin tsagar roba da gefen sukurun da babu su a samfuri. Dayod ɗin kariya a layukan maɓallai da 'yar kafasita a ƙafar da ke sake tada ƙwaƙwalwar na'ura su suka magance shi, dukansu daga cikin ledar nan. A gwajin 61000-4-3, inda ake haska na'ura da siginar rediyo mai volt 3 a mita daga megahaz 80 zuwa sama, awon amfiya ya ɗan yi rawa amma bai fita daga iyakar da muka rubuta a littafin amfani ba. Ashe abin da ka rubuta a littafin nan shi ake riƙe ka da shi, don haka kada ka yi alkawarin daidaiton da ba ka auna ba.

Rahoton ya zo da farko a matsayin daftari, kuma ya kamata a karanta shi layi-layi kafin a ce su rufe. Ka duba lambar samfuri, sunan kamfani, shekarar kowace ƙa'ida, hotuna, da shafin da ke lissafa gyare-gyaren da aka yi lokacin gwaji. Duk abin da ke wannan shafi ya zama dole a kowace na'ura da za ka sayar. Muka haɗa rahoton da zane-zane da jerin kaya da sakamakon kwaikwayo a fayil guda, wanda dokar Turai ta ce a ajiye shekara 10, sannan muka sa hannu a takardar ikirarin cika ƙa'ida. Wannan duka bai ɗauke maka abin da hukumar SON mai kula da ingancin kaya a Najeriya ke nema ga kayan da aka ƙera a gida ba, wancan layi ne daban.

Ga wanda zai bi wannan hanya, shawarata ita ce ya nemi tsarin gwaji da hoton yadda ɗakin ke shimfiɗa wayoyi tun kafin ya buɗe kowace manhaja, ya sa wayoyin da akwatin cikin samfurinsa tun farko. Ya yi amfani da kwaikwayo wajen zaɓe tsakanin zane biyu da gano tushen matsala, don a nan yake da ƙarfi, amma kada ya ɗauki lambar da ya bayar a matsayin hukuncin ci ko faɗuwa. Kuma da zarar allo na farko ya iso, ya auna ya gyara samfurin, domin samfurin da aka daidaita da awo yana ci gaba da amfani bayan an gama gwaji. Mu mun ga haka da MOSFET ɗinmu ya yanke a kasuwa, dila ya kawo wani ya ce duk ɗaya ne, volt ɗaya amfiya ɗaya. Na sa samfurinsa a LTspice, sai ga shi ya fi namu saurin tsalle, hayaniyar da ke bin wayar fanel ta tashi da abin da zai cinye yawancin tazararmu. Muka ɗaga resistar ƙofa kaɗan, muka auna zafi da zoben ferait a shago, muka rubuta canjin da sakamakonsa a fayil, sannan muka sanar da mai saye kafin mu haɗa rukuni na gaba.